Motar da Ba Ta da Tagogin Gefe

Surukina a bayan sitiyarin bas ya tsufa. Doguwar hanya yake ja, daga wannan gari zuwa wancan, kuma duk tsawon aikinsa ko kaza bai taɓa bugewa ba. Shi ya sa ranar da likita ya ce masa tuƙi ya ƙare, don zuciyarsa ta fara wani tsalle-tsallen da kan sa jiri ya ɗebe shi ba sallama, sai da aka kai ruwa rana kafin ya yarda ya dawo gidanmu da zama. Matata, wadda yake kira Auta, nas ce a asibiti, ta fi mu duka sanin abin da maganar likitan take nufi. Ta gyara masa ɗakin baƙi, ta sa sabon labule, ta jera masa magungunansa a kan durowa.

Ya zo ɗin, amma rabinsa ne ya zo. Kullum yana kujerar bakin taga a falo yana kallon titi. Da farko har yakan yi tsaki idan wani ya sha kwana ba sigina, ya ce, "Dubi wannan, wa ya ba shi lasin?" Daga baya tsakin ma ya ɗauke. Sai wata safiya muna shan shayi ya ajiye kofi ya ce ƙarshen wata zai koma gidansa.

Na iske Auta a kicin tana wanke kofin da ta riga ta wanke, hawaye na zuba.

"Ƙaramar motarsa tana can," ta ce. "Na san Baba. Idan ya koma, wallahi sai ya tuƙa. Kuma in jirin nan ya ɗebe shi a kan titi, ba shi kaɗai abin zai shafa ba."

Ni malamin lissafi ne, ban iya lallashin tsofaffi ba, balle suruki, mutumin da tun da na auri 'yarsa hirarmu ba ta taɓa wuce gaisuwa da tambayar aiki ba.

Akwai wani abu da nake ɓoye masa tun zuwansa. A ƙarshen gidan muna da ɗan ɗaki inda ake guga da ajiye akwatuna, a nan na kafa abin da Auta take kira haukata: tsohuwar kujerar mota a kan ƙarafa, sitiyari, birki da totur a ƙasa, da allon kwamfuta guda ɗaya. Duk Asabar da yamma muna tseren mota ta intanet, ni da wasu mutane kusan ashirin, kowa daga gidansa. Abokina Dogo, mai kantin magani, shi ne shugaban ƙungiyar. Ina son abin nan har cikin raina, amma ƙato da gemu, uban gida, a gan ni ina murza sitiyari a gaban bango? Sai in rufe ƙofa in rage murya.

Wata rana na manta ban rage ba. Ina cikin shan wata muguwar kwana na ji an turo ƙofa, na waiga, sai ga Baba tsaye.

"Wa yake wahalar da inji haka?" ya ce. "Tun daga falo nake jin yana kuka. Ka sa masa giya mana, Malam."

Na miƙe da sauri kamar ɗalibin da aka kama yana satar amsa. Na fara kame-kame, wai na koyon tuƙi ne, wai ana amfani da shi a makarantu. Bai ko saurare ni ba. Ya zagaya kujerar, ya taɓa sitiyarin, ya danna birkin da ƙafa. Sannan ya zauna, ya ja kujerar gaba, ya laluba neman bel bai samu ba, ya yi bismilla ya ɗora hannu biyu.

Na zaɓar masa hanya mai sauƙi. Motar ta tashi lafiya lau, ko girgiza babu. Ina kallon ƙeyarsa, na ga kafaɗunsa sun miƙe yadda ban taɓa gani ba tun zuwansa. Da ya iso kwanar farko sai ya juya kai hagu, kamar yadda ya saba duk rayuwarsa, ya yi ido biyu da teburin guga. Ya juya dama, ya ga akwatunan Auta. Ya taka birki, motar ta tsaya cak a tsakiyar hanya.

"Malam, wannan motar ba ta da tagogin gefe?"

"Ai allon ɗaya ne, Baba. Gaba kawai yake nunawa."

"To in wani ya zo ta nan fa?"

"Sai dai ka ji ƙararsa."

Ya saki sitiyarin ya miƙe. "Allah ya kiyaye. Ni ban taɓa jan mota ido rufe ba." Ya koma kujerarsa ta bakin taga.

Gaskiya ita ce na daɗe ina naci a bar ni in ƙara alluna su zama uku, manya, ɗaya a gaba biyu a gefe, irin na Dogo. Auta ta ce ɗakin ba nawa ba ne ni kaɗai, in na cika shi da talabijin a ina za ta yi guga, a kan rufi? Wannan karon na same ta da fuskar tausayi, na kwashe yadda muka yi da Baba na faɗa mata, na ƙara da cewa ni ba don kaina nake magana ba.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai dai Allah ya kawo maka hanya."

"Haba Auta."

"Kar ka ce mini haba. Da gaske ya zauna? Ya riƙe sitiyarin?"

"Har bel ya nema."

Sai ta ce in jiri ya ɗebe shi a wannan kujerar, iyakarta ya jingina, ba wanda zai ji ciwo. Ta yarda, da sharaɗin in kwashe akwatunan da hannuna, kuma Baba ne zai fara zama, ba ni ba.

Ranar da kwalayen suka iso sai da muka karkata su kafin su shiga ƙofa. Dogo ya rufe kanti ya zo da akwatin sukudireba da notuna. Wanda bai taɓa haɗa alluna uku ba yana zaton jera su kawai ake yi. Ina! Akwai dogon ƙarfe mai hannu uku da zai riƙe su, sai an daidaita shi har ya zama ba allon da ya ɗara ɗan'uwansa tsayi ko da faɗin farce. Na gefen sai an tanƙwaro su ciki daidai wa daida. Sai an auna daga idon direba zuwa allon tsakiya a gaya wa kwamfuta, in ba haka ba hanyar ta fito ko dai kamar lungu ko kamar filin ƙwallo. Ga kuma bakin allunan inda suka haɗu, wanda in ba a lissafa kaurinsa ba sai ka ga farin layin titi ya karye ya ci gaba a wani wuri. Ni da nake koyar da kusurwoyi kullum, ranar na yi gumi a kansu. Dogo kuwa aikinsa ba da umarni da ɓatar da noti.

Baba ya wuce ta ƙofar sau ɗaya, wai ruwa zai sha. Ya sake wucewa, wai ya manta kofi. A na uku ya tsaya ya ce na hagun ya sunkuya. Muka ce mun auna. Ya ce ya sunkuya. Muka sake aunawa, bai sunkuya ba, amma kafin mu ankara ya shigo ya karɓi bakin tef ɗin awo ya dafe a gefen idonsa, ya zauna a kujerar ƙyam don a auna da shi.

Da muka kunna, ɗakin ya cika da haske. Kwamfutar ta yi nishi, fankarta ta ɗauki kuka, sannan hanya ta shimfiɗu daga bango zuwa bango: bishiyoyi a hagu, shinge da 'yan kallo a dama, madubai biyu kowanne a mazauninsa. Ni kaina sai da na ce kai! Auta ta leƙo da ludayi a hannu ta kasa komawa.

Baba ya tayar da mota. Muka sako masa wasu motoci na kwamfuta don ya ji daɗin hanya. Ɗaya ta taho ta bayansa, sai ya yi wuf ya kauce, ya faɗa mata kai tsaye, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe.

"Wannan motar aljana ce?" ya ce. "A madubi tana dama, ta ɓullo mini ta hagu!"

Ashe Dogo ya musanya wayoyin, allon hagu yana nuna dama, na dama yana nuna hagu. Dogo ya rantse ni ne. Na rantse shi ne. Baba kuwa dariya ta kama shi har yana dukan cinya, yana cewa haɗarinsa na farko a duniya, kuma makanikai biyu ne suka jawo masa. Auta ta juya da sauri ta koma kicin, na san ba miya ce ta kira ta ba.

Daga ranar kujerar ta zama tasa. Da safe in na fita makaranta yana ciki, in na dawo yana ciki. Allunan da na yi ta mafarki, sai dai in tsaya daga baya in leƙa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda yake tuƙin. An ba mutum motar da take tashi kamar za ta bar ƙasa, shi kuwa yana lallaɓa ta a hannunsa na hanya, ba ya taka layi, ba ya yanke kwana, in wata ta matso ya sassauta ya ba ta wuri har da ɗaga hannu.

"Baba, tsere ne fa," na ce wata rana da haƙurina ya ƙare. "Tsakiyar kwana ake shiga, a taka wuta a fita."

"Ina za mu da muke wannan saurin? Ba nan za mu sake dawowa ba?"

Gaskiyarsa ce, domin kuwa nan ɗin za mu dawo.

Ya fara cin abinci sosai, tsakinsa ya dawo, har ya fara tsokanar Auta a kan gishiri. Muka ɗauka an gama. Sai ana saura kamar mako biyu wata ya ƙare, ya tambaye ni inda ake samun motar garinsu.

"Na ɗauka kana jin daɗin motar nan, Baba."

"Ina ji mana. Allah ya yi maka albarka, Malam, ka yi ƙoƙari. Amma wasa ne. In na tuƙa, in ban tuƙa ba, duk ɗaya. Ba wanda yake jirana a tasha."

Na ce to bari in haɗa shi da mutane na gaske, ko zai ji bambanci. Na roƙi Dogo a bar Baba ya shiga tseren Asabar a madadina. Na sa masa abin ji da magana a kunne, na bayyana masa cewa kowace mota da zai gani mutum ne a cikinta, yana zaune a gidansa kamar shi. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, suka amsa da ladabi, wasu na danne dariya.

Aka saki motoci. Kafin ƙiftawar ido duk sun bar shi, shi kuma ko a jikinsa. Yana tafe abinsa har ya iso wata kwana mai gangara, inda wani yaro da muke kira Barkono, saboda zafin kansa, ya kwashe ya daki shinge, motar ta juya ta tsaya a gefe tana hayaƙi. Da allo ɗaya ne da Baba ya wuce bai ma san an yi ba. Amma ga ta ɓaro-ɓaro a allon hagu, tayar gaba ta karye.

"Innalillahi!" Baba ya taka birki. Ya dawo da baya, ya gindaya motarsa a bakin kwanar don ya kare mai haɗarin, ya kai hannu zai buɗe ƙofa ya daki allon hagu har ya girgiza. "Ɗana! Ɗana, kana ji na? Ka ji ciwo? Kar ka motsa wuyanka!"

Sai muryar Barkono, a sanyaye: "Lafiya lau, Baba. Ina... ina falonmu ne."

Daidai nan na gaba suka zagayo a guje suka tarar da mota a gindaye. Na farko ya kauce ya faɗa ciyawa, na biyu ya bi shi, sauran suka cakuɗe. Tseren ya watse. Wani yana ihu wa ya ajiye mota a nan, wani ya fashe da dariya, dariyar ta kama kowa har da wanda aka ɓata wa nasara. Ba da mugunta suke yi ba, na san su. Amma Baba bai san su ba. Ya cire abin kunnen a hankali, ya ajiye a kan kujera, ya shige ɗakinsa ya rufe ƙofa. Na tsaya a gaban alluna uku ina jin kamar in kwance su in mayar cikin kwali. Haushin kaina nake ji, da na Dogo da na Barkono, da na duk wanda ya ƙirƙiro intanet.

Washegari da hantsi sai ga Dogo, ya sa riga mai kyau kamar mai zuwa neman aure. Ya ce ba wurina ya zo ba. Ya durƙusa ya gaida Baba a falo, Baba ya amsa da ƙyar yana kallon titi.

"Baba, alfarma na zo nema," in ji Dogo. "A tsere, in aka yi haɗari, akwai motar da take fitowa da fitila mai ruwan ɗorawa ta shiga gaba. Kowa ya bi bayanta a hankali har a share hanya, sannan ta koma gefe a ci gaba. To mu ba mu da direbanta. Ni nake yi, shi ya hana ni shiga tsere, kuma ban iya ba. Duk wanda na ba, da ya ga hanya fetal a gabansa sai ƙafarsa ta yi nauyi. Jiya bayan an gama dariya sai Barkono ya ce, tunda yake faɗuwa ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaye shi. Muka ce ai ga direbanmu."

Baba bai juyo ba. "Ba'a za ku ci gaba da yi da ni."

"Wallahi aiki ne, Baba. In ba ka fito ba tseren ba zai ci gaba ba."

"Mota nawa za su biyo ni?"

"Duk wadda ta rage."

"In wani ya wuce ni fa?"

"A kore shi daga tseren nan take."

Sai a lokacin ya juyo. "Ko wane ne?"

"Ko ni ne."

Ya shafa gemu, sannan ya ce sai ya ga motar tukuna, don shi ba ya karɓar motar da bai duba ba.

Satin nan ban ga kujerata ba ko sau ɗaya. Ya haddace hanyar kwana-kwana, ya san inda take da santsi da inda ba a hango gaba. Ni aka mayar kwandasta, ina tsaye a gefe da waya a hannu ina karanto masa saƙon Dogo. Maganar tafiya bai sake tayarwa ba, bai kuma ce ya fasa ba, mu ma muka ƙi tambaya don tsoron amsar.

Asabar ta zo, ita ce ta ƙarshen wata. Baba ya yi wanka ya sa hula, ya zauna a motarsa a gefen hanya, inji na aiki, yana kallon masu tsere suna wucewa ta allon dama. An daɗe ba abin da ya faru, har na fara addu'ar Allah ya kawo haɗari, abin da ban taɓa roƙa ba. Barkono bai ba ni kunya ba. A wannan kwanar dai ta gangara ya sake kwasa, ya tafi da wasu biyu.

"Motar gaba, fito!" muryar Dogo ta cika ɗakin.

Baba ya duba hagu, ya duba dama, ya hau hanya. Fitilar tana walƙiya a kan bishiyoyi. Ɗaya bayan ɗaya suka taho suka jeru a bayansa, motocin da ɗazu suke cin junansu, har madubin ya cika. Ya gyara zama.

"To, 'ya'yana, a bi ni sannu," ya ce. "Akwai ɓaraguzai a hagu bayan gada, kowa ya riƙe dama. Mai jar mota, ka matso da yawa, ba ni wuri. Barkono, kana lafiya?"

"Lafiya lau, Baba!"

"Kullum kai ne. In an tashi ka tsaya, zan nuna maka inda ake taka birki a kwanar nan."

"To, Baba," muryoyi suka amsa a tare, har da waɗanda ba da su ake ba.

Ya zagaya da su har aka share hanya, ya kashe fitila, ya koma gefe, suka wuce shi da ruri ta allon dama yana ɗaga musu hannu. Daɗi ya cika ni har na manta kujerar tawa ce. Da na waiga, Auta tana bakin ƙofa da kayan aikinta, ko jaka ba ta ajiye ba.

Bayan an tashi muka zauna cin abinci. Baba sai labari yake, wane ba ya duba madubi, wane hannunsa yana da kyau amma ba shi da haƙuri. Auta ta ƙara masa ruwa, ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ta yi ta maza.

"Baba, to maganar tafiyar gobe fa? In haɗa maka kaya?"

Ya dube ta kamar ta yi wani yare. "Wace tafiya? Dogo ya ce Asabar mai zuwa cikin ruwan sama za a yi. Yaran nan a busasshiyar hanya ma ya suka ƙare? Wa zai ja su?" Ya kai loma, ya tauna. "Ki kira yayanki can gida ki ce ya nemi mai sayen motar can, zama yana lalata inji. Ya aiko mini da sauran rigunana."

Auta ta ce to. Ta sake cewa to, ta ɗauki waya ta fita tsakar gida tun kafin ya canza magana. Muna jiyo ta tana dariya tana kuka tana ce wa yayanta ya saurara mana ta gama. Baba ya yi kamar bai ji ba, ya tura mini kwanon ya ce in ci, gobe da sassafe akwai gwajin tayoyin ruwa.